Ƙeyar Amm Ragab

Duk wanda ya san unguwar Shubra ta Alƙahira ya san shagon gyaɗar Amm Ragab, wato Baffa Ragab, ya kuma san mai shagon ba ya juya wa kowa baya. Kujerarsa a manne take da bango. Idan zai ɗebo maka soyayyar gyaɗa ko 'ya'yan kankana daga buhun da ke bayansa, sai ya miƙa hannu ta gefe yana kallon ƙwayar idonka. Baƙi suna ɗauka tsoron ɓarayi yake yi. 'Yan unguwa kuwa sun san ba kayansa yake tsaro ba, ƙeyarsa yake tsaro.

Gajere ne, mai sanƙo, wuyansa ya yi kauri har ya naɗe ta baya. Wannan ƙeya da kake gani an yi zamanin da babu wadda ta kai ta suna a Masar, domin ita ce ƙeyar da Fikri al-Banhawi yake tallewa.

Ragab ɗan mai guga ne. Tun yana saurayi shi ke kai gogaggun kaya gidajen wasan kwaikwayo na tsakiyar Alƙahira. A ɗaya daga cikinsu ya haɗu da Fikri, wani dogon yaro mai girman kai da aljihu wayam, wanda ba a ba shi komai a wasa sai ya fito da tiren shayi ya koma. Wata rana Ragab ya yi tuntuɓe ya kayar da kwat ɗin Fikri a ƙasa, ita kaɗai ce kwat ɗinsa a duniya. Fikri ya ɗaga hannu zai talle masa ƙeya. Ragab, wanda ya ƙware wajen kauce wa hannun ubansa, ya sunkuyar da kai daidai lokacin, ya buga tafinsa a cinyarsa tas, ya yi tsalle gaba yana ihu kamar an kashe shi. Duk wanda ke bayan labule ya faɗi ƙasa don dariya. Mai gidan wasan ya leƙo ya ce su sake. Suka sake. Ragab bai ƙara ɗaukar kayan guga ba.

Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, a dandamali da kuma a fina-finai. Fikri ne mai gida, da kwat da gashin baki da ya sha mai. Ragab ne yaron gida, da jar dara a ka. Hannun Fikri yana wucewa ta bayan wuyan Ragab, tsakaninsu bai fi kaurin yatsa ba, Ragab ya buga cinyar da ke ɓoye daga 'yan kallo, jar dara ta yi sama, gida ya kacame da dariya. Hannun nan bai taɓa taɓa shi ba ko da sau ɗaya. Wannan shi ne sirrin sana'arsu, kuma sun rantse ba za su faɗa wa kowa ba.

To amma mu mutanen wannan gari, Allah ya shirye mu, ba mu san inda wasa yake tsayawa ba. A wurinmu idan aka mare ka a kunci faɗa aka yi da kai, idan kuwa aka talle maka ƙeya wawa aka mayar da kai. Sai ga shi kowane direban tasi, kowane mahauci, kowane ɗan iskan da ya ga Ragab a hanya yana so ya gwada hannunsa, wai don ƙauna. Su kuma ba su san zancen kaurin yatsa ba. Ragab yakan dawo gida wuyansa ja wur, matarsa Fauziyya ta jiƙa tsumma ta ɗora masa tana tsine wa masoya. Ya haƙura, domin daga nan ake cin abinci.

Abin da bai iya haƙura da shi ba ya zo ne ta kan ɗansa Hazim. Yaron yana firamare ya dawo gida ya ƙi cin abinci, ya ƙi cire rigar makaranta. Da uwar ta cire masa da ƙarfi sai ga bayan wuyansa ya kumbura. 'Yan ajinsu ne suka yi layi, kowa ya talle shi sau ɗaya, wai gadon gidansu ne.

Washegari an gayyace su hira a talabijin. A cikin mota Ragab ya roƙi Fikri. Ya ce, "Ka faɗa musu yau, ya Fikri. Ka ce hannunka ba ya taɓa ni. Saboda yaron nan."

Fikri ya ce, "Ka haukace? In suka san ƙarya ne wa zai ƙara dariya? Yara ne, gobe sun manta."

Da mai hirar ya tambaya ko dukan yana da zafi, Fikri ya murza gashin baki ya ce shi ya kamata a yi wa jaje, ƙeyar Ragab ta fi fatar ganga tauri, har tafinsa ya yi kanta. Ɗakin ya ɗauki dariya. Ragab ma ya yi dariya, don kyamara tana kansa. Da suka fito ya cire jar darar ya ajiye a kan motar Fikri, ya tari tasi. A gida ya durƙusa gaban Hazim ya yi masa alkawari babu mai sake taɓa ƙeyar ubansa har ya koma ga Allah.

Ya cika alkawari. Ya buɗe shagon gyaɗa, ya manna kujera da bango, ya aurar da 'ya'ya, ya sauke farali. Hazim ya zama mai kantin magani, da tumbinsa da 'ya'yansa. Fikri ya gwada ƙeyoyin wasu, babu wadda ta yi ƙara irin ta da, sai ya koma fitowa uban amarya a wasannin talabijin na watan azumi. Ragab bai sake yi masa magana ba, amma babu wasan Fikri da ya wuce shi. Yakan zauna gaban talabijin da ƙoƙon gyaɗa yana cewa, "Dubi yadda ya yi saurin juyawa. Jaki. Ai jira ake yi dariyar ta sauka." Fauziyya ta ce in ba ya so ya kashe mana. Ya ce shi labarai yake jira.

Suna cikin tsufansu sai ga wata yarinya ta zo shago, sa'ar jikarsa, da gilashi a saman kai. Ta ce sunanta Nihal, darakta ce, fim ɗin Sallah za ta yi. Labarin wasu tsofaffi biyu ne da suka gudu daga hannun 'ya'yansu, suka sace motar haya suka nufi Iskandariyya don su ci kifin da likita ya hana su. Ta ce Ustaz Fikri ya amince, saura shi. Ragab ya auna mata gyaɗa ya ce ta gaida gida.

Fauziyya ce ta tayar da shi. Ta ce, "Baban Hazim, na gaji da jin kana zagin mutumin nan ta cikin akwati. Tashi ka je ka zage shi ido da ido, ko na samu kunnena ya huta."

Ya je ofishinsu da shirin yaƙi. Ya tarar da Fikri a tsaye cikin kwat, dogo kamar da, hannun dama a aljihu. Fikri ya rungumo shi da hagu ya sumbaci kumatunsa biyu.

"Ka tsufa, ya Ragab. Ka kuma ƙara gajarta, ban san hakan zai yiwu ba."

"Kai kuwa gashinka ya fi na jikanka baƙi. Man takalmi ne, ko kwalta?"

Ma'aikatan ofishin suka fara dariya tun ba a kunna kyamara ba. Ragab bai yi ba. Ya ce yana da sharaɗi guda: babu talle ƙeya, ko da wasa, ko a kan hoton talla.

Fikri ya ce, "An gama."

Ragab ya yi sororo. Shekaru ya yi yana tanadin amsoshi saboda wannan gardama, yana maimaita su a gaban kaskon gyaɗa, ga shi an hana shi ita. Ya koma gida ransa a ɓace, ya rasa dalili.

Aikin ya yi daɗi fiye da yadda ya zata, kuma ya ji haushin hakan ma. Da Fikri ya fara magana, bakin Ragab ya san inda zai shiga tun kafin kansa ya sani. Suka yi faɗa a kan wanda zai tuƙa motar, alhali dukansu babu mai gani sosai. Suka yi faɗa a kan maganin hawan jini, kowa yana cewa nasa ya fi tsada. Masu riƙe fitila suna toshe baki kada dariyarsu ta ɓata ɗauka. Fikri yana ta yawo da hannu a aljihu, yaran suna cewa dubi ƙasaita, irin ta manyan da. Ragab ya ce a ransa girman kai ne dai bai mutu ba.

Da aka koma Iskandariyya don ƙarasa fim ɗin, Nihal ta zaunar da su. Ta ce mai kuɗin fim ya kafe, ya ce ba zai kai wa mutane Fikri da Ragab ranar Sallah babu talle ƙeya ba, sai su fasa masa kujerun sinima.

Fikri ya yi caraf ya ce, "Abokina ya ƙi, ni kuwa ina girmama ra'ayin abokina."

Ragab ya dube shi. Yaushe rabon duniya da Fikri ya girmama ra'ayin wani?

Nihal ta ce ai ta samo mafita, ba sai an takura wa kowa ba. Akwai wani ma'aikacinsu mai dogayen yatsu, akwai wani mai sanƙo. Za a ɗauki hannun wancan da ƙeyar wannan daga kusa, a haɗa da fuskokinsu, a sa ƙara da na'ura. Babu wanda zai gane.

Fikri ya ce, "Hannun wani?" Daga nan bai ƙara cewa komai ba, mutumin da ko a jana'iza sai an roƙe shi ya yi shiru.

Da azahar aka kawo abinci, gasasshen kifi da shinkafa. Fikri ya sa aka kai masa nasa ɗaki. Ragab ya zauna da yaran yana ci, amma hankalinsa yana kan Fikri. Ya san Fikri da kifi. Mutum ne da zai zauna a tsakiyar jama'a ya nannaɗe hannun riga, ya zare ƙaya da yatsu yana ba da labari, ya bar ƙashin fes kamar mataji. Sai ya tuna tun da aka fara aikin nan bai ga Fikri ya ci komai a gaban mutane ba. Shayi ma da hagu yake ɗauka. Ya wanke hannu ya tafi ɗakin, ya tura ƙofa bai ƙwanƙwasa ba.

Fikri yana zaune ya cire kwat. Yana fama da kifin da hannun hagu, ya dagargaza shi, ƙaya da tsoka sun cakuɗe. Hannun dama yana kwance a kan tebur kusa da faranti, yatsun a lanƙwashe, kamar safar hannu da aka manta.

Ragab ya mayar da ƙofa ya rufe. Ya ja kujera, ya jawo farantin gabansa, ya fara tsince ƙayar ɗaya bayan ɗaya yana tura tsokar gefe. Yana yi ya tambaye shi.

"Tun yaushe?"

"Sanyin bara. Na tashi da safe na ga ya ƙi ni. Likita ya ce ciwon shanyewar jiki ne, na yi sa'a bai taɓa baki da ƙafa ba."

"Wa ya sani?"

"Likitan, da ƙanwata. Yanzu da kai, don ba ka da tarbiyyar ƙwanƙwasa ƙofa."

"Shi ya sa ka ce an gama."

Fikri ya kawar da kai wajen taga. Ya ce, "In suka sani, ya Ragab, kujera za su ba ni su lulluɓe mini ƙafa da bargo. Jaridu su buga hotona su ce a taya Ustaz Fikri da addu'a. Ni ba na so a tausaya mini, so nake a yi dariya sau ɗaya kafin in tafi. Yanzu kuma hannun wani yaro za su liƙa mini. Ni me nake da shi in ban da hannun nan? Murya ce da ni, ko kyau?"

"Ba ka da ko ɗaya."

"To ka gani."

Ragab ya tura masa farantin. Tausayi ya kama shi, haushi kuma ya kama shi don tausayin ya kama shi. Ga mutumin da ya ƙi tona sirri saboda Hazim, yau shi ke neman a rufa masa nasa. Da ya ga dama sai ya tashi ya fita, sharaɗinsa yana nan daram, babu wanda zai ce ya yi laifi. Ya tsaya yana kallon yadda Fikri ke kai shinkafa baki da hagu, rabi tana zuba a kan rigarsa.

Ya ce, "Ina ne iyakar inda hannun yake kaiwa?"

Fikri ya miƙe tsaye. Ya ciji leɓe, ya juya kafaɗa da ƙarfi, hannun ya yi lilo ya tashi iya ɗamara, ya koma ya faɗi.

Ragab ya ce, "Ni kuma bayana yana sunkuyawa iya nan, in na sha magani. Ci abincinka."

Ya fita baranda ya kira Hazim a waya. Ya gaya masa gobe za a talle masa ƙeya, bai gaya masa dalili ba.

Hazim ya ce, "Baba, ka yi mini alkawari."

"Na yi wa wani ɗan firamare alkawari, na kuma riƙe masa har ya yi tumbi. Yanzu da tsawon nan naka wa zai iya kai hannu ƙeyarka, sai ya taka kujera."

"Ba abin dariya ba ne, Baba. Za su sake farawa. Kai da ka je Makka, kana da jikoki."

"Na sani, ɗana. Ka yi haƙuri da ni."

Hazim bai ce ya haƙura ba. Ya ce a gaida mutanen wurin, ya kashe waya. Ragab ya daɗe a tsaye da wayar a hannu, don maganar yaron gaskiya ce, kuma ta yi masa zafi.

Da ya gaya wa Nihal ya janye sharaɗinsa, saura kaɗan ta sumbaci sanƙonsa. Ya ce amma yadda suka ga dama za su yi, ɗauka ɗaya, babu gwaji, babu ƙarar na'ura, kuma a nemo masa jar dara.

Da hantsi aka kafa kyamara a bakin teku. Labari ya riga ya bazu, mutane sun cika bayan igiya, har da masu kallo daga tagogin benaye. A labarin fim ɗin, tsofaffin biyu sun iso Iskandariyya bayan duk wahalar hanya, sai Ragab, wanda a nan ma shi ne yaron gida, ya tuna ya bar haƙoran roba na mai gida a Alƙahira, ga kifi an gasa. Ragab ya faɗi maganarsa yana ja da baya, ya girgiza kai jar dara ta faɗi a gaban takalmin Fikri. Ya dubi darar, ya dubi Fikri, ya dubi jama'a. Wurin ya yi tsit, kowa ya san abin da ke tafe. Ya sunkuya a hankali, bayansa yana ƙara, har ƙeyarsa ta sauko daidai ɗamarar Fikri.

Fikri ya zaro hannun daga aljihu da juyin jiki, ya wurgo kafaɗa. Hannun da babu mai iko da shi bai san kaurin yatsa ba. Ya sauka a kan wuyan Ragab da dukan nauyinsa. A daidai lokacin Ragab ya buga cinya tas, ƙarar ta kai har tsallaken titi.

Ihu ya tashi. Mata suna guɗa daga tagogi, wani tsoho a bayan igiya yana dariya yana share hawaye da hular kansa. A da, nan ne Ragab yake yin tsalle gaba. Yau ya san in ya matsa hannun zai zame ya yi reto a gaban kowa. Sai ya tsaya a sunkuye a ƙarƙashinsa, ya juyo da fuska a hankali yana hararar Fikri ta ƙasa, kamar mai tambayar ko an gama. Dariyar ta ninka. Nihal ta yi ihu a tsaya, tana tsalle, ta ce ba ta taɓa ganin irin wannan ba.

Ana ta tafi, hannun yana nan inda ya sauka. Ragab yana jin sanyinsa a wuyansa. Fikri ya sunkuyo da kai yana murmushi saboda masu ɗaukar hoto, ya yi magana ta gefen baki.

"Ya yi zafi?"

"Ka taɓa ganin fatar ganga ta ji zafi?"

Murmushin Fikri ya karye. Ya ce, "Da ma na faɗa musu ranar hirar nan, ya Ragab. Ka ce wa Hazim ya yafe mini."

"Ka je ka faɗa masa da bakinka, kantinsa ba ɓoyayye ba ne. Ɗauke hannunka, bayana zai ɓalle."

"Ba zan iya ba."

Ragab ya kai hannunsa bayan wuya ya kama yatsun. Ya miƙe a hankali yana riƙe da su, ya sauke hannun ya saƙala shi a cikin nasa, ya matse shi da haƙarƙarinsa yadda tsofaffin abokai suke yi in za su tsallaka titi. Suka juya wa jama'a baya, sanƙon Ragab da ƙeyarsa a buɗe a rana, suka taka zuwa inda ake gasa kifi.